'Yan Shirun Alhamis

Alhamis, 7 ga Fabrairu

Profira ta zo ta tafi da shi. Yayar mijina ce, to sai me? Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ciro hularsa daga ƙusa ta kafa masa, wai Fada Serafim na cocinmu ya ce a kawo Ilarion zaman addu'arsu. Na ce wace addu'a kuma, mutumin da tun watan Oktoba da ɓarin jikinsa ya shanye kalma biyu suka rage masa a baki, "a'a" da "tsiya"? Ta ce, "Ai mu ba surutu muke yi ba, Aglaia. Shiru muke zama." Da wani murmushinta na tsarkaka, sai ka ce ita aka zana a bangon coci.

Shiru. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan waƙa a cocin nan, in ya buɗe murya har gilashin taga sai ya amsa. Ni ina nan ina fama in dawo masa da maganarsa, su kuma za su koya masa shiru. Ai ya iya. Ya fi su iyawa su duka.

Na ce, "Za ka je, tsoho?" Ina jira ya ce a'a, tunda ita ya fi ƙwarewa a kai. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki sandarsa.

Juma'a, 8 ga Fabrairu

Bai ci abin kirki ba. Ya buɗe baki a kan miya yana ta kokawa da harshe, na gane burodi yake so, na miƙa masa. Ya ce tsiya.

Litinin, 11 ga Fabrairu

Mun shiga birni wurin likitar magana. A bas ba wanda ya tashi ya ba shi kujera sai da na buɗe bakina. Likitar ta tambaya ko ana kiyaye abin da babban likita ya hana, taba da giya da gishiri, na ce a gidana ba a karya doka. Ta ba mu sababbin katuna masu hoto: kofi, mage, mabuɗi, doki. Ta ce shekarar farko ita ce shekara, abin da bai dawo a cikinta ba da wuya ya dawo. Sai kuma ta ƙara da cewa in riƙa ba shi lokaci. Lokaci! Yarinyar da ko aure ba ta yi ba. Lokacin ne ai ba mu da shi, ita da bakinta ta faɗa.

Da yamma na zaunar da shi kusa da murhu. Na ɗaga katin mage. Ya kalla, ya kalla, leɓensa na rawa. Na ce, "Ma-ge. Mage, tsoho, ga ta can ma a kan kujerarka. Ce mage." Na ɗaga kofi, na ce ko-fi. Haka muka bi katunan duka. Ni na faɗi kowanne, shi ko ɗaya.

Alhamis, 14 ga Fabrairu

Tun kafin rana ta yi tsaka ya sa rigar sanyinsa. Shi kaɗai. Maɓallan a karkace amma ya sa. Ni da nake kokawa da shi kowace safiya kafin ya yarda in zura masa safa. Ya zauna bakin ƙofa da hula a gwiwa yana jiran yayarsa.

Na bi su da ido ta taga. Tana riƙe da shi ta ɓarin da ya mutu, suna tafiya kamar masu rakiyar gawa, ba ta ce masa komai. Tun suna yara haka take, komai nasa nata ne. Ranar aurenmu ma ita ta gyara masa kwalar riga a gaban jama'a, kamar ni ba ni da hannu.

Ya dawo fuskarsa a sake. Rabon da in ga haka har na manta, kuma ba zan ɓoye ba, haushi na ji. Na ɗauko katuna, ya ture su da bayan hannu. To ga amfanin zaman nasu.

Lahadi, 17 ga Fabrairu

Sabon mai jan waƙar nan kamar akuya ta maƙale a shinge. Ilarion ya runtse ido har aka tashi.

Na tare Fada a bakin ƙofa. Na sumbaci hannunsa yadda aka saba, sannan na amayar masa da abin da ke cikina. Na ce likita ta ce magana, ku kun ce shiru, wa zan bi? Ya ce, "Mama Aglaia, ba mu hana kowa magana ba. Ki zo ki gani mana, akwai kujera." Na ce ina da saniya biyu da miji ɗaya, ba ni da lokacin zama ina kallon kyandir. Dariya ya yi. Yaro ne, gemunsa ma bai gama cika ba, ya je ya yi 'yan watanni wurin sufaye a kan dutse ya dawo mana da sabon salo.

Ai na san su, 'yan shirun nan. Profira. Zamfira maƙwabciyarta, da ba ta taɓa jin magana ta bar ta ta kwana a cikinta ba. Kostake direba, da ya daina shan giya bara (in ji shi). Waɗannan su ne tsarkakan garinmu.

Talata, 19 ga Fabrairu

'Yata Dorina ta kira daga Italiya. Na kara wa babanta waya a kunne, tana magana yana ta numfashi, sai na karɓe na ce yana gaishe ki, ya ce yaushe za ki zo. Na ba ta labarin 'yan shiru. Wai, "Mama, ki ƙyale shi mana in yana jin daɗi." Ba ita ke wanke masa jiki ba.

Alhamis, 21 ga Fabrairu

Na ɓoye takalmansa a buhun masara. Ban ji kunyar rubutawa ba. Dusar ƙanƙara ta kai ƙauri, na ce in babu takalmi babu fita, sai mu zauna mu yi katuna.

Ya laluba ƙarƙashin gado da sanda, ya ɗago ya dube ni. Na ce ban gani ba. Na sauka ɗakin ajiya ɗauko dankali, ina fitowa na hango shi har ya kai titi, cikin takalman robana na shiga wurin shanu. Jajaye. Rabin dunduniyarsa bai ma shige ba. Profira na gefensa, ta waiwayo ta yi mini kallo ɗaya, ta ci gaba da tafiya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kafin su dawo na mayar da takalman inda suke.

Asabar, 23 ga Fabrairu

Kasuwa. Cuku ya ƙare da wuri, kirim ne ya yi kwantai.

Zamfira ta tsaya a teburina tana latsa cuku da yatsa, ba saye za ta yi ba. "Aglaia, ashe jan takalmi na yi wa Ilarion kyau haka?" Na ce, "Ashe shirun naku ranar Alhamis kaɗai yake aiki?" Mai ƙwai ta gefena ta yi dariya har ta ƙware. Amma kafin Zamfira ta wuce ta jefo mini wata, wai Ilarion yana addu'a a zamansu. Da baki. Na ce ƙarya take yi.

Har yanzu maganar ta ƙi barina. In gaskiya ne, su yake yi wa magana ke nan, ni kuwa da nake juya shi a gado sai tsiya?

Litinin, 25 ga Fabrairu

Na kama shi yana zaune bakin taga, ido a rufe, babban yatsansa na motsi a kan gwiwa kamar mai jan wani abu. Na ce, "Me kake cewa? Faɗa mini ni ma in ji." Ya buɗe ido. Na ce, "Addu'arsu ce ko? Wadda Profira ta koya maka?" Ya mayar da idon ya rufe.

Alhamis, 28 ga Fabrairu

Na je. Ba addu'a ta kai ni ba, na je in gani da idona.

A ɗakin gefen coci suke zama, inda ake cin abincin tunawa da matattu. Kujeru a zagaye, kyandir ɗaya gaban hoton Almasihu, murhu na hayaƙi. Carbi ɗaya ne tak, na baƙin ulu mai ƙulle-ƙulle. Wanda aka miƙa wa sai ya faɗi addu'ar a fili sau ɗaya, "Ubangiji Yesu Almasihu, Ɗan Allah, ka ji tausayina, ni mai zunubi," ya miƙa wa na kusa da shi. In carbi ya zagaye kowa, sai su ci gaba da faɗinta a zuci har Fada ya kaɗa 'yar ƙararrawa. Shi ke nan fa. Abin da ake ɗauke mini miji dominsa ke nan.

Kafin a fara Fada ya sunkuyo ya ce mini, "Doka ɗaya ce, Mama Aglaia. Wanda carbi ke hannunsa, lokacin nasa ne. Ba a taya shi, ba a karɓa sai ya miƙa da kansa." Na ce na ji.

Carbi ya iso kan Ilarion. Ya damƙe shi da hagu. Ya buɗe baki, babu komai. Ya rufe, ya sake buɗewa, jijiyar wuyansa ta miƙe, yawu ya fara taruwa a gefen da ya karkace. Su kuwa kowa ya sunkuyar da kai, har Kostake. Mutane cike da ɗaki suna jin mijina yana shaƙewa, ba mai motsi. Mijina, da Bishop ma ya taɓa tsayawa ya yaba muryarsa. "U..." ya ce. "Uban..." Ya tsaya. Ji na yi kamar ana yanka ni. Idona ya faɗa kan Zamfira, na ce gobe duk gari sai ya ji yadda yawu ya zubo masa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na faɗe ta duka da ƙarfi, tun daga Ubangiji har mai zunubi, na goge masa baki da gefen ɗankwalina, na zare carbin na ɗora wa Profira a cinya. Na ce, "Ga shi nan, an yi. Ku ci gaba."

Ilarion ya buga sandarsa a ƙasa har wutar kyandir ta girgiza. Ya juyo ya dube ni. Tunda muka yi aure bai taɓa yi mini irin kallon nan ba, ko ranar da muka fi faɗa. Bai ma ce tsiya ba. Ya tashi ya fita yana jan ƙafa.

A waje Profira ta cim mini. Yau kam murmushin ya gudu. "Makon jiya ya kai har Yesu. Yau da ya wuce nan. Ke ba za ki iya rufe bakin nan ba ko na ɗan lokaci?" Na ce, "Yaya Profira, ke kike kwana da shi? Ke kike jin kukansa in ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa?" Ta ce, "Ke dai tun yana da maganar kike cinye masa ita." Na gaya mata abin da ba zan rubuta a nan ba.

Juma'a, 1 ga Maris

Na ɗaura masa zaren nan ja da fari na farkon Maris a kwalar riga, kamar kowace shekara. Ya bari na ɗaura. Bai dube ni ba.

Lahadi, 3 ga Maris

Ko a'a ɗin ma ya daina. Na ɗaga katin doki, ya karɓa, ya buɗe ƙofar murhu ya jefa. Ya miƙo hannu in ba shi sauran. Na ba shi, in ga iya gudun ruwansa. Ya ƙone su duka.

Talata, 5 ga Maris

Ni kaɗai nake magana a gidan nan, kamar rediyon da aka manta a kunne.

Alhamis, 7 ga Maris

Bai je ba. Profira ta zo ta tsaya da hularsa a hannu, ta kira shi da sunan yarinta, ya juya fuska bango. Ta daɗe a tsaye, sannan ta mayar da hular kan ƙusa. A bakin ƙofa ta ce, "To ga ki ga shi. Sai ki ji daɗi."

Na ci nasara ke nan. Na share gida, na wanke labule, na goge tukwanen da ba su yi datti ba. Shi yana zaune tun safe yana kallon bango, yatsan ma ya daina motsi. Ina ta lissafin abin da ya rage a shekarar da likita ta ce, kuma ina jin tsoro. Tsoro sosai.

Duk laifinsu ne. Da ba su ɗauke shi ba tun farko.

Lahadi, 10 ga Maris

Lahadin neman gafara, gobe za a shiga azumi. Bayan addu'ar yamma kowa ya bi kowa a coci yana roƙon yafiya. Profira ta durƙusa a gabana da gwiwoyinta masu ciwo, "Ki yafe mini, Aglaia." Na ce Allah ya yafe mana, haƙorana a cije. Ni ma na faɗi nawa tunda mutane na kallo. Ta riƙe hannuna fiye da yadda ake yi, ta ce a hankali, "Kunya ce ta hana shi komawa. Ni ba zai ƙara bina ba. In ba ke kika kawo shi ba..." Na zare hannuna.

A gida kowace shekara shi ke fara nema, a bakin murhu, kafin mu ci ƙwai da cukun ƙarshe. "Yafe mini, tsohuwa, in kin gama magana." Haka yake cewa, ni kuma in jefe shi da tsumma. Yau ya dafa tebur ya miƙe, ya zo ya tsaya a gabana. Leɓensa ya fara motsi. Na ce, "Na sani, na sani, tsoho, Allah ya yafe, zauna kada ka faɗi."

Ya zauna.

Na ɗauko kwano. Tsoro na ji kada ya faɗi, shi ke nan. Ko kuma tsoron in jira, in jira, kuma ba abin da ya fito. Ban sani ba. Ƙwan ya ƙone.

Alhamis, 14 ga Maris

Na kai shi. Don kada a ce ni na raba shi da addininsa, ba wani abu ba. Na ciro hular na kafa masa na ce, "Tashi, tsoho, 'yan shirunka na jira." Ya daɗe yana kallona kafin ya ɗauki sanda.

Na zauna can baya kusa da ƙofa. Fada ya nuna mini kujera a cikinsu, na girgiza kai. Da carbi ya iso kansa na cusa gefen ɗankwali a baki na cije. Allah ya sani ban taɓa shan azaba irin wannan ba, ko ranar haihuwar Dorina. Ina jin itace na ƙara a murhu. Ina jin cikin Kostake na kuka. Ƙafata ta mutu. Har na ɗan ɗaga daga kujera na koma.

Can ya ce, "Ubangiji." Shiru. "Yesu." Sai wani dogon shirun, har na ce a raina ya ƙare, wani ya taimake shi mana don Allah. Ba wanda ya motsa. "Tausayi." Ba muryarsa ta da ba ce, wata ce a dishe, kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Ya miƙa wa Profira carbin da hannunsa.

Ba wanda ya ɗaga kai, ba wanda ya ce madalla. Wannan ya ƙona mini rai. Mutanen nan ba su da jini a jiki. Da ni ce da an ji ni har titi.

Sauran shirun na zauna ina tunanin ko na rufe kaji. Addu'ar ta ɗan shigo kaina, ba ni na kira ta ba. Da aka tashi Zamfira ta tsura wa fuskata ido, na ce mata hayaƙi ne, su gyara bututun murhunsu in suna so mutane su zo.

Asabar, 16 ga Maris

Profira ta aiko da kabeji mai tsami. Ya yi laushi da yawa, kullum haka nata yake. Mun ci.

Laraba, 20 ga Maris

Miyar wake ta azumi. Ya ɗanɗana, ya tsaya da cokali a hannu, ya buɗe baki kamar kullum. Hannuna har ya kai kan burodi. Na janye shi na zauna a kansa. Duka biyun na zauna a kansu. Babu carbi a gidan nan, amma cokalin na hannunsa, sai na ce a raina to bari ya ajiye tukuna.

Miya ta daina tururi. Mage ta shigo, ta zagaya, ta fita. Na cije harshe har ya yi mini ciwo.

"Ba..." Na ƙara danne hannuwana. "Ba... gishiri." Ya huta, ya ja numfashi, ya dube ni cikin ido. "Aglaia."

Tun Oktoba nake cusa wa mutumin nan burodi! Na ce, "Likita ne ya hana, ba ni ba! So kake ɗaya ɓarin ma ya tafi?" Ya ce a'a. Na ce to ci. Ya ce tsiya, amma gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga, na san dariya yake yi. Na yi ta faɗa, na ce ka yi wata da watanni ba ka magana, yau da ka buɗe baki girkina za ka kushe? Ya buga cokali a tebur. Rabonmu da faɗa irin wannan tun kafin ciwon.

Na ɗebo gishiri da bakin yatsa na barbaɗa masa. Kaɗan, ba wanda zai sani. Ya shanye miyar da sanyinta.

Ya kira sunana. Na rubuta ne kawai saboda likita za ta tambayi ranar.

Alhamis, 21 ga Maris

Ba zan gaya wa Profira ba, sai ta ɗauka ita ta yi.

Zan raka shi yau ma, hanyar da santsi. (Ƙanƙarar ta narke, amma akwai laka wajen gada.) Kujerar bakin ƙofa iska na shiga ta wurin, ƙila in matsa ciki. In aka miƙo mini carbin nan ban san abin da zan yi ba. Wataƙila in ɗan riƙe shi tukuna.